Shagon Malam da Burauzar da Ta Tsaya a 109

Da hantsi Malam ya kira ni, wata rana cikin Fabrairun 2025, hazo bai gama sakin Kano ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, abar nan taku ta ƙi. Tun shekaranjiya yaron nan yake fama, ga mutane sai dawowa suke yi." Ni ba injiniya ba ne, gyaran kwamfuta nake yi, amma Malam ya koyar da ni a aji huɗu na firamare, don haka sunan da ya ga dama shi yake kira na da shi. Tun da ya yi ritaya ya kama shago a bakin ƙofar wata makaranta, ana buga takardu, ana fotokwafi da hoton fasfo, ana cike wa mutane fom a intanet. Ɗan ƙanwarsa ne ke zama a gaban kwamfutar, shi kuma Malam yana kan kuɗi da lissafi.

Ƙorafin bai da tsawo. Wani shafin rajista da suke yawan aiki da shi ya fara nuna cewa burauzarsu, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsufa, maɓallin ɗora hoto kuma ya daina amsawa. Yaron ya yi abin da kowa zai yi, ya sauke sabon Chrome. Ya ƙi shiga. Ya sake saukewa, ya sake ƙi. Abin da ya sa na ga aikin ya cancanci a rubuta shi shi ne, a ƙarƙashin wannan "ya ƙi" guda ɗaya abubuwa huɗu ne a kwance, kowanne da sanadinsa daban. Uku sun gyaru a ranar. Na huɗun ba ya gyaruwa, kuma shi ne wanda ya fi wuyar faɗa wa mai kaya.

Kwamfutar ta tebur ce, 'yar gwanjo, Core i3 zubi na biyu, irin waɗanda suka fito a 2011. RAM ɗinta gigabait 4, tana ɗauke da Windows 7 mai bit 32. Intanet ɗinsu ƙaramin modem ne da ake sa wa data duk mako. Babu UPS, idan wuta ta tafi kwamfutar ta tafi da ita, sai an ta da inji.

Na buɗe foldar da kayan saukewa ke taruwa, sai ga ChromeSetup.exe a jere, na farko da 'yan'uwansa har mai lamba 6. Bakwai ke nan. Na tambayi yaron me allon ke rubutawa in ya gaza. Ya ce, "Yaya, kawai cewa yake bai shiga ba." Na ce babu lamba? Ya ce akwai wasu lambobi haɗe da haruffa, amma ba ya tsayawa dubawa, kuma kamar ba iri ɗaya ba ne kullum. Allah ya taimake mu ya taɓa ɗaukar hoton ɗaya a waya don ya tura wa abokinsa. A hoton an rubuta 0x80072F8F.

Wannan fayil ɗin da ya sauke sau bakwai ba shi ne Chrome ba. Ɗan aike ne kawai, ƙaramin abu, aikinsa in an danna shi ya je intanet ya ɗauko ainihin kayan, kusan megabait ɗari, ya kwance su a rumbun kwamfuta, sannan ya girka. Idan hanya a toshe take, ko babu wurin sauke kayan, ɗan aike na bakwai inda na farko ya tsaya nan zai tsaya. Data dai tana tafiya a kowane gwaji, kuma ita ce Malam ya fi ji a jikinsa.

Kafin na taɓa komai sai da na kwashe abin da ke cikin tsohuwar burauzar. Dalili kuwa, yaron ya ce mini da ban zo ba shirinsa shi ne ya cire Chrome gaba ɗaya ya sake sa shi. Wajen cirewa akwai ɗan akwati da ke tambaya ko a haɗa da bayanan lilo a goge, kuma mutumin da ya gaji hannunsa na saurin dannawa. A cikin burauzar nan akwai alamomin shafuka na shekara huɗu da kalmomin sirri na shago da Malam kansa bai san su da ka ba. Na fitar da alamomin a fayil guda, na fitar da kalmomin sirrin a wani, na kwafi foldar User Data sukutum zuwa filash. Abu biyu game da wannan: fayil ɗin kalmomin sirri a fili yake, duk wanda ya buɗe zai karanta, don haka da an gama aiki a goge shi. Sannan kwafar foldar kaɗai ba ta isa ba, domin Chrome yana kulle kalmomin sirri ne da asusun Windows ɗin da aka ajiye su a ciki. In ka kai foldar wata kwamfutar, ko ka sake sabon Windows, alamomi za su biyo ka, kalmomin sirri ba za su buɗe ba.

Daga nan na tafka nawa kuskuren. Na san lambar da ke hoton tana da alaƙa da gazawar haɗi mai tsaro, kuma mafi yawan lokaci agogo ne ke jawo ta. Na kalli kusurwar allo, kwanan wata daidai, lokaci daidai. Sai na cire agogo daga zargi na koma kan modem. Na haɗa kwamfutar da wayata, na kashe anti-bairos na ɗan lokaci, na sake danna ɗan aiken nan da hannuna, ni da nake yi wa yaro dariyar sau bakwai. Ya ɗauko kaya ya kai wajen rabi ya mutu, da wata lambar daban. Kusan awa guda na ɓata a haka.

Ɗauke wuta ce ta cece ni. Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi, yaron ya fita ya ja inji. Da kwamfutar ta tashi sai ta tsaya a wani baƙin allo mai farin rubutu tana jiran a danna F1. Kafin in karanta layin farko yaron ya riga ya danna, yadda mutum ke korar ƙuda ba tare da ya duba ba. Windows ya buɗe, ya kai hannu kusurwar dama zai gyara agogo, na riƙe hannunsa. Shekarar da ke wurin 2011 ce.

"Kullum haka take yi?"

"Duk sanda aka ɗauke wuta, Yaya. Gyarawa nake. Wani lokaci in ina sauri sai na manta sai na ga shafi ya ƙi buɗewa."

Ga yadda abin yake. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana gabatar da takardar shaida, kuma takardar tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ta ɗauka a 2011 take, in aka miƙo mata takardar da aka bayar a 2024 ko 2025, sai ta ce wannan lokacinta bai yi ba, ta ƙi karɓa. Kamar mai gadin da ke aiki da tsohuwar kalanda ne, ka zo da katin shaidarka mai kyau ya ce na jabu ne. Burauza tana faɗa maka a sarari cewa agogonka na baya, amma ɗan aiken girkawa lamba kawai yake jefo maka. Gwaje-gwajen da yaron ya yi bayan dawowar wuta, kafin ya tuna da agogo, su ne suka ba da lambar da ke hoton. Windows yana da tsarin daidaita agogo da intanet, sai dai a kwamfutar da ba ta cikin tsarin ofis, in tazarar ta haura awa 15 ba ya gyarawa da kansa. Shekara goma sha huɗu kuwa ta wuce nan nesa ba kusa ba.

Na kwance murfin akwatin. Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gero. A kan babban allon ciki akwai batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin farko da kwamfuta ke tashi da shi, in babu wuta. Sabo bolt 3 yake bayarwa. Na ɗora mita a kan wannan, ko bolt ɗaya bai cika ba. Ina yawo da irinsa a jaka, na sa sabo, na hure ƙurar, na shiga BIOS na saita rana da lokaci. Muka zare waya daga soket, muka jira, muka mayar. Babu F1, agogo na nan daram. Malam da ke leƙe ta saman tabarau ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana mu barci?" Na ce ranka ya daɗe, shi ne na farko.

Na biyu bai ɗauki lokaci ba wajen ganowa. Lambar da ta fito mini lokacin da nake gwaji da wayata 0x80070070 ce, ma'anarta babu wuri a rumbu. Na buɗe Computer, layin faifan C ya yi ja, abin da ya rage bai kai megabait 300 ba. Wanda ya sa musu Windows ya raba rumbun biyu, ya ba C kaɗan ya ba D mai yawa, su kuma komai a kan fuskar allo suke ajiyewa, wadda a C take. D na zaune kusan fanko. Girka burauza na bukatar wurin sauke kaya, da wurin kwance su, da wurin ajiye sabuwar siga kusa da tsohuwa kafin a share tsohuwar, don haka megabait ɗari na kaya ya fi ɗari cin wuri. Na kunna Disk Cleanup, na share foldar wucin gadi, muka kwashe foldoji zuwa D. C ya samu sarari fiye da gigabait goma.

Abin da na gani wajen kwashewar ya fi matsalar damuna. Dubban hotunan fasfo, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, katunan shaidar ɗan ƙasa, duk na mutanen da suka zo cike fom shekaru da suka wuce suka tafi abinsu. A cikin jerin kalmomin sirrin ma rabi ba na shago ba ne, imel ɗin kwastomomi ne da burauza ta tambaya ko ta ajiye aka danna mata "eh". Na ce da Malam wannan amanar mutane ce, kuma a ganina abin da aka gama aikinsa a goge shi. Ya yi shiru, sannan ya ce wasu kan dawo bayan shekara su ce a sake fitar musu da hoto. Gaskiyarsa ce. Muka tsaya a kan hotunan fasfo su zauna a D, takardun shaida da kalmomin sirrin mutane a share.

Na uku shi ne ya amsa tambayar da ya kamata in fara yi tun farko: me ya sa ma burauzar ta tsufa? Chrome da kansa yake sabunta kansa, daga 2021 zuwa lokacin ma kusan duk mako huɗu sabuwar siga ke fita. Na rubuta chrome://version, sai ga 87. Wannan sigar ta Nuwamban 2020 ce, a lokacin da muke magana kuwa lambar ta haura 130. Na shiga chrome://settings/help, inda burauzar ke duba ko akwai sabo, ta ɗan juya ta ba da kuskure mai lamba 3, wato ta nemi mai sabunta ta ba ta same shi ba.

Sabunta Chrome ba aikin burauzar ba ne ita kanta, akwai wata 'yar manhaja daban da ke yi a bayan fage. Na buɗe services.msc, hidimomi biyu na Google, gupdate da gupdatem, duk an kashe su. A Task Scheduler ayyuka biyun da ke ta da su lokaci-lokaci su ma an kashe. A cikin Program Files, ƙarƙashin Google, foldar da ya kamata sunanta ya zama Update an ƙara mata wasu haruffa a ƙarshe don kada a gane ta. Wannan ba aikin bairos ba ne, hannun mai gyara ne, kuma wanda ya san abin da yake yi. Malam ya tuna: wanda ya haɗa musu kwamfutar ya ce ya "rufe duk abin da ke shan data".

Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Mai shagon da ke sayen data da kuɗin fotokwafi, in ya wayi gari rabi ta tafi ba tare da ya buɗe komai ba, mai gyara zai kira ya yi wa faɗa. Ni ma an sha roƙo na in yi hakan. Inda ya gaza shi ne bai ce musu ga abin da na rufe, ga yadda za ku buɗe shi sau ɗaya a wata ba. Ya toshe ya tafi, shekara huɗu babu wanda ya sani. Na mayar wa foldar sunanta, na kunna hidimomin da ayyukan, na kashe kwamfutar na kunna. Shafin dubawa ya fara ƙirga kashi cikin ɗari, yaron ya matso da kujera. Ya kai ƙarshe, muka sake buɗe burauzar. Siga ta 109. A sama kuma wani siririn layi ya fito yana cewa in ana son sabuntawa nan gaba sai da Windows 10 ko abin da ya fi shi.

Yaron ya ce, "Yaya, ai bai gama ba. Na abokina ya fi haka." Ya zaro filash daga aljihu, abokin ya ba shi cikakken fayil na sabon Chrome, wanda ba ya bukatar intanet. Ya ce ya gwada jiya ko buɗewa bai yi ba. Ba zai buɗe ba, ta fuska biyu: na bit 64 ne alhali Windows ɗinsu na 32 ne, sannan ko da na 32 ne, an gina shi ne don Windows 10 zuwa sama.

Nan ne bangon yake. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ƙarin wa'adin da ya sayar wa kamfanoni ma ya ƙare ranar 10 ga Janairun 2023. Chrome 109 da ya fito a wannan watan shi ne na ƙarshe da ke tafiya a Windows 7 da 8.1. Daga 110, wanda ya fito a Fabrairun 2023, sai Windows 10. Edge, burauzar Microsoft, ma a 109 ya tsaya, kuma galibin sauran burauzojin da aka gina a kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai, hanyar suka bi, don haka sauya suna ba ya fitar da kai. Ba lalacewa ba ce balle a gyara. Wanda bai san wannan ba zai iya kwana uku yana share rajistar Windows, inda Windows ke ajiye saitinsa, yana sake saukewa, ko ya faɗa hannun shafukan da ke tallan "sabon Chrome na Windows 7", waɗanda ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Akwai masu sa kai na gaskiya da ke sake gina Chromium don tsofaffin Windows, ban raina aikinsu ba, amma kwamfutar da ake shigar da lambar katin bankin mutane a cikinta ba zan ɗora mata abin da ba zan iya tsaya masa ba.

Muka gwada shafin rajistar da 109. Gargaɗin ya ɓace, maɓallin ɗora hoto ya amsa. Wata baiwar Allah da ta zo karo na uku da fom ɗin ɗanta aka gama mata a take. A wajen Malam aiki ya ƙare, har ya fara laluben aljihu. Na ce ranka ya daɗe, tsugune ba ta ƙare ba.

Na yi masa bayani da misali guda. A Satumban 2023 an gano wata ɓaraka a yadda burauzoji ke buɗe hotuna nau'in WebP, kuma an riga an fara amfani da ita wajen kutse kafin a toshe. Hoto kawai, ba sai ka sauke komai ba. Chrome ya toshe ta a siga ta 116, Firefox ma ya fitar da nasa facin. Tallafin Chrome a Windows 7 kuwa tun farkon shekarar ya ƙare. Irin waɗannan ɓarakar ba sa daina fitowa, kuma 109 tana nan yadda aka bar ta. Shafukan ma da suka karɓe ta yau, wata rana za su ƙi ta kamar yadda suka ƙi 87.

Abin da ya rage a Windows 7 mai samun faci a lokacin shi ne Firefox 115 ESR, wato layin burauzar Firefox da ake daɗewa ana kula da shi. Mozilla, mai yin Firefox, ta fitar da 115 a Yulin 2023 a matsayin ta ƙarshe ga Windows 7 da 8, ta kuma yi ta ƙara wa'adin facin tsaronta. Kada a ruɗe, injinta na 2023 ne, da wata shida kawai ta fi Chrome 109 sabunta. Bambancin shi ne ita a lokacin ana ci gaba da toshe mata ramuka. Na sauke cikakken fayil ɗinta na bit 32 a kwamfutata ta hannu, na kawo a filash, na danna. Ita ma ta ƙi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, amma wannan karon na san inda zan duba. Tun daga Firefox 100, a Mayun 2022, ana sa wa fayil ɗin girkawa hatimi da tsarin SHA-256, Windows 7 kuma ba ya gane wannan hatimin sai an sa masa facin KB4474419. Kwamfutar da aka rufe wa sabuntawa tun ranar da aka haɗa ta ina za ta same shi? Na rubuta winver, ya nuna 7601, wato Service Pack 1 na ciki, wanda sai da shi facin ke shiga. Daga Microsoft Update Catalog na sauke guda biyu na bit 32, KB4490628 da KB4474419. Na danna na farko, ya ce hidimar da yake bukata a kashe take. Mutumin namu bai bar Windows Update ba ma. Ko da da hannu za ka sa faci, sai wannan hidimar na kunne. Na kunna ta, na sa na farko, na sa na biyu, kwamfutar ta kashe kanta ta tashi, Firefox ya shiga lafiya lau. Wajen buɗewar farko ya ɗebo alamomi da kalmomin sirri kai tsaye daga Chrome, don haka fayil ɗin da na fitar da safe ban ma bukace shi ba, na goge shi daga filash a gaban Malam.

Na duba lambar sigar da kyau saboda wani dalili. Mozilla ta sanar cewa wata babbar takardar shaida da ke cikin tsofaffin Firefox za ta ƙare ranar 14 ga Maris 2025, kuma duk wanda ke ƙasa da 128, ko ƙasa da 115.13 a layin ESR, ƙarin kayan aikinsa za su daina aiki. Da na ɗauko tsohon fayil daga cikin tarkacen filash ɗina, da bayan 'yan makonni an sake kira na. Wadda na sa ta wuce nan.

La'asar ta yi, Malam ya aika aka kawo mana ruwan sanyi, muka zauna maganar gaba. Ya ce, "To, a sa mata Windows 10 ɗin mana." Na ce za ta ɗauka, musamman in an sa mata SSD, wato rumbu mai sauri. Sai dai hanyar hawa kyauta da lasisin Windows 7 an rufe ta tun Satumban 2023, kuma shi kansa Windows 10 wa'adinsa 14 ga Oktoban 2025 ne, wata takwas ke nan daga ranar. Windows 11 kuwa babu maganarsa, yana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da na'urar Intel zubi na takwas zuwa sama, tasu ta biyu ce. Na kawo maganar Linux, madadin Windows, wanda zai ba ta sabuwar burauza ba tare da sisi ba. Yaron ya zaro ido. CorelDRAW ɗin da yake yin katin biki da shi fa, da tsohuwar sikanar da sai da wahala aka samu direbanta? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma shagon da ke cin abinci kullum ba wurin gwaji ba ne.

Malam ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, Injiniya. Wannan ba ta taɓa ba ni kunya ba a bugu." Na ce haka ne, kuma ba sai an yar da ita ba. Shawarata ita ce a raba aikin: wannan ta zauna a bugu da zane da firinta, a zare mata modem, in ba ta shiga intanet tsufanta ba ya cutar da kowa. A nemi wata ta hannu, ko 'yar gwanjo ce, wadda ke ɗaukar Windows 11, ita ta riƙe rajista da biyan kuɗi. Ya yi lissafi a bayan wata takarda ya ce sai bayan ƙaramar Sallah. Kafin nan muka yi yarjejeniya: duk abin da ya shafi kuɗi ko kalmar sirri a Firefox, Chrome sai in shafi ya ƙi buɗewa a can, kuma babu mai sake kashe sabuntawa. Na rubuta wa yaron a takarda na manna a gefen allo, da ƙarin layi ɗaya: in abu ya gaza, ɗauki hoton lambar kafin ka rufe.

Kuɗin aiki kuwa mun sha ja. Na ce kuɗin batir kawai, ya ce shi ba ya cin gumin ɗalibinsa. A ƙarshe ya cusa mini abin da ya cusa a aljihun riga, ya haɗa da addu'a.

Bayan kwana goma sai ga hoto daga yaron a WhatsApp, da saƙon murya: "Yaya, batirin nan naka ya mutu, ga lambar nan ta dawo." Na buɗe hoton. Lallai 0x80072F8F ce, amma da 0x20000 a bayanta, kuma a kusurwar hoton agogo daidai yake. Tagar da ta ba da lambar ba ta Chrome ba ce, ta Media Creation Tool ce, manhajar da ake sauke Windows 10 da ita. Ashe maganarmu ta zauna masa, ya ce bari ya ba Kawu mamaki. Lambar ɗaya ce domin nan ma haɗi mai tsaro ne ya gaza, sai dai sanadin daban: manhajar tana magana da tsarin haɗi mai tsaro na TLS 1.2, shi kuma ɓangaren Windows 7 da take bi ta cikinsa ba ya kunna wannan sai an sa facin KB3140245 an kuma gyara rajistar Windows. Burauzojin ba su damu ba saboda da nasu suke zuwa.

Na kira shi na ce batir lafiyarsa ƙalau. Na tambaye shi ko ya kwafi katunan biki da hotunan da ke ciki zuwa wani wuri kafin ya fara, ya ce a'a. Ko Kawu ya sani, ya ce a'a. Na ce to wannan gazawar alheri ce, ya rufe tagar ya goge fayil ɗin, ranar Asabar ina zuwa da filash mu zauna mu uku.